Tu-bai-fo da Ba Ya Cika Inci Huɗu

Duk magidancin da gininsa ya kai linta a Kwanar Dangora, ko Kiru, ko Tudun Wada, ya san takardar da kafinta kan miƙa masa: tu-bai-fo kaza, tu-bai-tiri kaza, kowanne mai tsawon ƙafa 12. Sunayen nan awo ne. Tu-bai-fo na nufin inci biyu a kauri, inci huɗu a faɗi. Sai dai kaɗan ne cikin masu saye ke ɗora tef a kan katako kafin a loda shi a mota, wanda kuwa ya ɗora yakan tarar da abin da ya biya bai cika ba, kuma katako biyu daga tari ɗaya ba lallai su zo daidai ba.

Hanzarin da ake kawowa shi ne ko a Amurka haka abin yake. Gaskiya ne tu-bai-fo na can inci ɗaya da rabi ne a kauri, uku da rabi a faɗi, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na itacen da sunan ya yi alkawari babu shi. Amma wannan ragi a rubuce yake cikin ƙa'idar katako ta ƙasar, wadda ta zauna a wannan awo tun wajen 1970, kuma awon busasshen katako ne da aka goge. Injiniyan da ke zana bangon gida da shi yake lissafi. Duk da haka, a 2014 wata kotu a Kalifoniya ta sa kamfanin Lowe's ya biya dala miliyan 1.6 a kan yadda yake rubuta awon kayan gininsa. Ragin can sananne ne, iri ɗaya ko'ina. Na nan ya dogara ga hannun mai injin tsaga, wanda ke neman fitar da ƙarin katako ɗaya daga kowane gungume.

Hanzari na biyu bushewa ce. Ɗanyen katakon da tirela ta ɗauko daga kudu yakan motse idan ya sha iskar hunturu, babu musu. To amma motsewar 'yan kashi ce cikin ɗari, ba ta cinye inci guda daga huɗu, kuma da ƙyar take taɓa tsawo. Katakon da ya gaza ƙafa 12, zarto ne ya rage shi.

Bangon wannan yanki na bulo ne ko na laka, saboda haka a rufi ake biyan farashin ragin. Ƙarfin katakon da aka gitta yana bin faɗinsa ne ninki biyu, ba kai tsaye ba. Idan inci huɗu ya koma uku, nauyin da zai iya ɗauka yakan faɗo zuwa kusan kashi 56 cikin ɗari, lanƙwasawarsa kuma ta haura ninki biyu. Siririn katako yana tsagewa a bakin ƙusa, ƙusar kuwa ita ce ke riƙe kwano ranar da guguwar farkon damina ta taso. Kafinta mai imani zai matse tazarar katakon don ya cike giɓin, mai gida ya ƙara saye. Wanda ba shi da imani zai rufe da silin, ya karɓi kuɗinsa.

Mutanen da ba za su yarda a tauye musu tiyar masara ba bai kamata su yi shiru a kan wannan ba. Ba sai an jira hukumar SON ba. Ƙungiyoyin 'yan katako, daga Na'ibawa a Kano har rumfunan bakin titin Kwanar Dangora, na iya wajabta wa kowane ɗan kasuwa ya rubuta ainihin awo a rasit, ya rataye tef a ƙofar rumfa, siriri ya zo da farashinsa, cikakke da nasa.