Hawan Sallah Ba Shirin Fim Ba Ne

Duk Sallar da ta ƙarato, magana ɗaya kake ji a bakin 'yan boko da masu harkar yawon buɗe ido: a gyara hawa yadda zai yi kyau a talabijin. A ƙaro dawaki ko da na haya ne, a ɗinka wa mahaya anko, a kafa manyan lasifikoki, a saki jirage marasa matuƙa su ɗauko hoto daga sama, don duniya ta gani ta yaba. Tun da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, maganar ta ƙara samun gindin zama, har ana auna darajar hawan kowace masarauta da yawan waɗanda suka kalle shi a waya. Ni ban yarda ba, kuma mu mutanen Haɗejiya ya fi kamata mu fara ƙin yarda.

Masu wannan ra'ayi sun cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai hawan daba, wanda Turawan mulkin mallaka suka kwaso sunansa daga Indiya. Shi aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka sake yi a bikin FESTAC a 1977. Daba ta baƙo ce: yana zaune a rumfa, ana wucewa ta gabansa. Hawan Sallah kuwa na 'yan gida ne. Sarki ya taso daga Idi, talakawa su ga Sarkinsu ido da ido, hakimai su kawo jafi su jaddada mubaya'a. Mayar da hawan Sallah kayan kallon talabijin daidai yake da mayar da shi daba, kyamara ta zauna a kujerar Gwamna Bature. Garin Haɗejiya, wanda Sarkinsa Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906, ya mutu da makami a hannu har ake kiransa Mai Shahada, bai dace ya juya wa mutanensa baya don ya fuskanci baƙo ba.

Na taɓa tsayawa a wani filin hawa, kusa da wani dattijo mai busa algaita. Kumatunsa sun kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi yana bin gefen hularsa, amma ko ni da nake dab da shi ba na jin sautinsa, domin an saki waƙar da aka naɗa a situdiyo ta cikin lasifika. Can sai ya sauke algaitar, ya goge bakinta da hannun riga, ya tsaya yana kallon ƙasa. A wannan yammacin na ga an tsayar da wani mahayi bayan ya gama jafi, aka ce ya koma ya sake sukuwa, wai mai ɗaukar hoto bai samu ba. Ya koma ya sake. To wa ya gaisar a karo na biyu? Gaisuwar da aka maimaita don hoto ta tashi daga gaisuwa.

Babbar asarar ma ba a nan take ba. A ƙasar fadama irin tamu, doki ma'auni ne. Dawa yake ci da harawa, daga rumbun da gidan mai shi yake ci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗejiya ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyinsa. Wata shekarar fadama ta ƙi cika, wata shekarar, kamar 2022, ambaliya ta shafe shinkafa da gero daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri. Shekarar da ta yi tsanani, ana ganinta a haƙarƙarin dawaki da ƙarancin mahaya. Dattawa suna karanta wannan daga bakin hanya, Sarki ma yana karantawa. Idan aka cike gurbin da dawakin haya da alkyabbar aro, an rufe wa shugaba ido a ranar da ya fito don ya ga halin jama'arsa. Kayan aro ba ya rufe katara, sai dai ya yaudari mai kallo daga nesa.

Za a ce talabijin tana kai hawa ga ɗan Haɗejiya da ke Legas ko Makka, da tsohuwar da ba ta iya fita. Gaskiya ne, kuma alheri ne. Ba na cewa a kori kyamara. Cewa nake ta zo a matsayin mai shaida, ba mai ba da umarni ba. Wanda ke nesa da gida yana kewar ƙurar garinsu da amon tambari na gaske, ba abin da aka shirya masa ba.

Don haka ina kira ga masarautunmu da gidajen talabijin: mai ɗaukar hoto ya tsaya a gefe, kada ya shiga tsakanin mai jafi da Sarki. Kada a maimaita komai saboda shi. A kashe lasifika idan kakaki da algaita suna magana. Kuɗin da ake zubawa a haya da anko a kai wa makaɗan fada, da dukawa masu ɗinkin kayan doki, da matasan da ke kiwon dawaki shekara zagaye. Idan hakimi ya zo da dawaki bakwai bana saboda ruwa ya ci gonakin ƙasarsa, a bar shi ya shigo da bakwai ɗinsa, Sarki ya gani, mu ma mu gani.