A Tausaya Wa Liyari

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, kadan hutu ya kai waninku ƙasar Batsari ko Safana, ina roƙonsa ya dubi adon azurfar da tsofaffin mata ke ajiye da shi. Da yawa daga mundayen nan da zobba asalinsu kuɗi ne, maƙeran fari suka narke. Ni a ganina an yi ɓarna, ko da yake ba da nufi ba.

Ku ɗauki liyari, watau kuɗin nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Nauyinsa giram 28, kuma kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce. Duk wanda aka buga bayan rasuwarta 1780 ke rubuce a jikinsa, har na yau. Haka kuma sule da fataka na Afirka ta Yamma da suka fito cikin 1913 azurfa ne, sai a 1920 aka sauya su da jan gami.

To, me ya sa na ce ɓarna? Don aikin da ke jikin kuɗi ba ya komawa. Ana sassaƙa zanen ne a hatimi biyu na baƙin ƙarfe, a sa fallen azurfa tsakani, inji ya matse. Kuɗin kasuwa bugu ɗaya ya ishe su. Amma na ajiya, waɗanda masu sha'awa ke saye da tsada, sai an goge hatimin da fallen kamar madubi, a buga sau biyu ko fi, a hankali, don azurfar ta cika kowane lungu. In ana son hoton ya taso ƙwarai, tilas a ƙara zurfin hatimi da nauyin bugu, wani lokaci har a mai da fallen wuta tsakanin bugu da bugu, gama azurfa taurarewa take yi in ta sha guduma. Wannan kam maƙerinmu ya san shi tun yana yaro. Amurkawa sun gwada da dalarsu ta 1921, hatimai suka yi ta fashewa, dole a 1922 suka rage tudun hoton.

Ban ce a hana amarya munduwa ba, ko a toshe wa maƙeri abincinsa. Akwai gutsattsarin azurfa da kuɗin da suka riga suka shafe, a narke waɗannan. Amma wanda rubutunsa ke karantuwa, a naɗe shi a tsumma, kada a goge shi da toka, ko kuwa a kai shi gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina.