Gidan Da Ba Shi Da Labule: Raddi Ga Masu Kare Shirin The Real World

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT), wanda Ya sanya mana gidajenmu su zama wurin natsuwa da rufin asiri. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wani nau'in shirin talabijin da ake tattaro samari da 'yan mata waɗanda ba su taɓa sanin juna ba, a zuba su cikin gida ɗaya a wani babban birni, a kewaye su da kyamarori dare da rana, sannan a sayar wa duniya abin da ya gudana a tsakaninsu. Uban wannan sana'a shi ne shirin The Real World, wato "duniyar gaskiya", wanda tashar MTV ta Amurka ta fara nunawa a 1992 da mutum bakwai a birnin Niyok. Duk lokacin da aka soki irin wannan shiri, sai wasu 'yan'uwanmu 'yan boko su ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, a je a dubi zangon San Faransisko na 1994 a ga alherin da ya haifar. To, na yarda mu yi muhawarar a kan zangon da suka zaɓa da hannunsu, domin idan hatsin da aka fi alfahari da shi a rumbu ya fito da ƙwari, ba sai an zazzage sauran ba.

Bari in fara ba su haƙƙinsu, don adalci wajibi ne ko a kan wanda kake jayayya da shi. A cikin mazauna gidan nan na titin Lombard akwai wani saurayi haifaffen Kyuba mai suna Pedro Zamora, wanda yake ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, a zamanin da mutane da yawa ke tsoron ko da musabaha da mai ita. Ya yi amfani da shirin wajen wayar da kan matasa a kan cutar, kuma ya mutu ranar 11 ga Nuwamba 1994 yana da shekara 22, 'yan sa'o'i kaɗan bayan nuna kashin ƙarshe na zangon. Har shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya yaba masa. Duk wannan ya faru, ba na musunsa.

Amma mai karatu, a wannan gida dai akwai wani da ake kira Puck, ɗan aiken kai saƙo a kan keke, wanda ya shahara da ƙazanta da baƙar magana da tsokana, har ya riƙa tsoma yatsa cikin kwalbar abincin Pedro, rikici ya yi tsanani, daga ƙarshe 'yan gidan suka haɗu suka kore shi. Shin waɗanda suka tace dubban masu neman shiga ba su ga halinsa ba ne? Sun gani sarai. Saboda halin nasa aka ɗauko shi, aka ajiye shi a ƙarƙashin rufi ɗaya da mara lafiyan da kwanakinsa suka ƙarato, kamar yadda ake ajiye ashana kusa da fetur a koma gefe a saita kyamara. A cikin gidan kuma akwai wani matashi musulmi, mawaƙi, Mohammed Bilal, mutum mai sanyin hali. Yau idan aka ambaci wannan zango, sunaye biyu ake tunawa, kuma nasa ba ya ciki, domin mai zaman lafiya ba ya kawo talla.

Tun daga tushe ma sunan shirin yaudara ne. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Mary-Ellis Bunim da Jonathan Murray, wasan kwaikwayo mai dogon zango suka so yi wa matasa, ita Bunim ma a wannan fagen ta yi shekaru tana aiki. Da aka ga kuɗin biyan marubuta da 'yan wasa ya yi yawa, sai aka ce a ɗebo mutanen gari su yi aikin da araha. Kimanin wata huɗu aka yi ana ɗaukar zangon San Faransisko, aka matse shi ya koma kashi 20 na rabin awa kowanne. Wanda ya zauna a ɗakin tace hotuna ya zaɓi abin da zai shiga cikin awa goman nan, ya zubar da sauran, shi ne marubucin labarin, ko da bai riƙe alƙalami ba. Da a ɗauki wata huɗu na rayuwar mafi salihin mutum a unguwarku a miƙa wa mai neman kasuwa, wallahi zai iya fito da shi a matsayin ɗan iska ko waliyyi, gwargwadon abin da ya fi sayuwa a ranar.

Sai kuma wani ɗaki da ya zama ginshiƙin irin waɗannan shirye-shirye, inda kowane ɗan gida ke shiga shi kaɗai ya fuskanci kyamara ya zazzage abin da ke ransa game da abokan zamansa. Sunan da suka ba ɗakin aro ne daga cocin Katolika, wato wurin da mutum ke iƙirarin zunubinsa a gaban limamin coci. Sai dai a can mutum laifin kansa yake faɗa, kuma an haramta wa limamin ya fitar da maganar. A nan laifin wani ake faɗa, a bayan idonsa, ga miliyoyin kunnuwa. Idan akwai wani suna da ya dace da wannan a harshen shari'a ban da giba, ina so a sanar da ni. Aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta kwatanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce, kowane ɗalibin Islamiyya ya haddace ta. Kuma malamai sun yi bayani cewa mai sauraro da yardarsa abokin tarayya ne a zunubin.

Na san amsar da za a ba ni: ai su suka yarda, sun sa hannu a takarda, babu wanda ya leƙa su a ɓoye. A nan akwai wani ɗan bambanci na ilimi da ya kamata a faɗa. Tajassusi, a asalin ma'anarsa, bin diddigin abin da mai shi ya ɓoye ne, don haka ba zan ce kallon wanda ya buɗe ƙofarsa da kansa tajassusi ne kai tsaye ba. To amma umarnin runtse ido da ya zo a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, a kan mai kallo aka ɗora shi, kuma ba a ce ya faɗi ba idan wanda ake kallo ya amince. Mutum ba shi da ikon halatta mini abin da Allah Ya hana idona. Yardarsu ta raba su da kamfani a gaban kotun Amurka, ni kuwa ba ta raba ni da komai ba.

Ka dubi yadda wannan sura ta kewaye gida da katanga. Aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Aya ta 58 ta shiga har cikin gida, ta ware lokuta uku, kafin sallar asuba da lokacin ƙailula da bayan sallar isha'i, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad (RA) yadda Manzon Allah (SAW) ya tsananta wa mutumin da ya leƙo ta wata kafa a ɗakinsa, ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Addinin da ya tsare ɗakin uwa da uba daga idon ɗan cikinsu a waɗannan lokuta, yaya mabiyinsa zai zauna da kofin shayi yana kallon ɗakin kwanan baƙi a daidai waɗannan lokutan?

Game da wayar da kai a kan ƙanjamau kuwa, amfanin ya fito ne daga bakin Pedro, wanda tun kafin shirin yake zagaya makarantu yana wannan aiki. Da an ba shi awa ɗaya a gaban kyamara ya yi bayani, da saƙon ya isa ba tare da an haɗa shi da mai cusguna masa ba. Kuma idan ana son sanin darasin da masu sana'ar suka ɗauka daga 1994, sai a dubi abin da suka yi bayanta. A zangon Seattle na 1998 wani ɗan gida ya mari wata abokiyar zamansa a lokacin da take barin gidan, aka ɗauka, aka nuna. A 2002 aka kai shirin Las Vegas, aka sauke matasan a saman otal ɗin caca na Palms, aikin da aka ba su kuma shi ne shirya casu a gidan rawar otal ɗin. Haka aka ci gaba har zango na 33, wanda aka yi a Atlanta a 2019 aka nuna ta Facebook. Masu irin halin Puck aka yi ta nema, shekara bayan shekara.

Kada wani ya ce wannan matsalar Amurkawa ce. Ƙanen wannan shiri, Big Brother, wanda aka fara a ƙasar Holand a 1999, ya iso Afirka a 2003, ya iso Nijeriya a 2006, kuma ta tauraron ɗan'adam ya shiga falon gidajen musulmi da yawa. Har an taɓa gwada ɗinka masa jallabiya: a 2004 tashar MBC ta shirya na Larabawa a ƙasar Bahrain da sunan Ar-Ra'is, aka raba wurin kwanan maza da na mata, aka tanadi wurin sallah. Mutanen Bahrain ba su ruɗu da dardumar ba. Suka fito zanga-zanga, 'yan majalisa suka sa baki, ba a cika mako biyu ba tashar ta dakatar da shirin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.