Saurayin da Ke Neman Gyaran Duniya a Motar Batsari

Mai bin hanyar Katsina zuwa Batsari, ko ta Dutsin-ma zuwa Safana da Runka, yana iya haɗa kujera da wani irin saurayi: ɗan wata 'yar jama'a da ta ja jiki gefe, suna noma tare, suna sallah tare, suna kashe rigimarsu a gaban malaminsu. Kafin a kai tasha ya gama bayyana wa fasinja cewa zaman da sauran mutane ke yi ya lalace, kuma ana iya gyara shi. Sai mota ta yi tsit, wani ya raɗa wa na kusa da shi cewa haka 'yan Boko Haram suka faro. Ina ganin wannan hukunci zalunci ne, kuma yana jawo mana asara.

Ware kai don tsare addini tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta zauna a Degel da tsarinta kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Salihawa a ƙasar Katsina da Digawa a ƙasar Jigawa sun daɗe suna zamansu na noma da ibada. Gandu da gayya ma, waɗanda kakanninmu suka rayu a kansu, ai haɗa ƙarfi ne a ci tare. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya sami jama'ar Darul Islam da ta zauna kusa da Mokwa a jihar Neja. Mutane wajen 4,000 suka yi shekaru a can suna noma da karatu, sai a watan Agustan 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Boko Haram a Maiduguri, 'yan sanda suka kwashe su aka watsa kowa jiharsa, alhali ba a sami makami a hannunsu ba. Mutumin da aka raba da gona da maƙwabta a rana ɗaya, wane darasi aka koya masa game da hukuma?

Masu tsoro suna da hujja, ba zan raina ta ba. Samarin da suka kafa sansani a Kanamma ta jihar Yobe su ma da sunan gudun ɓarna suka fita, amma a ƙarshen 2003 suka far wa ofisoshin 'yan sanda. Sai dai abin da ya raba Kanamma da Mokwa a fili yake, bindiga ce. Saboda haka ma'aunin yana cikin halin jama'ar: ko tana tara makami, ko tana kafirta maƙwabta, ko wanda ya gaji yana iya ɗaukar kayansa ya tafi lafiya, ko ana barin yara su yi karatu a kai marar lafiya asibiti. Inda aka rufe ƙofar fita, kyakkyawar niyya ba ta hana cuta. Ko Nyerere, da ya tilasta wa manoman Tanzaniya komawa ƙauyukan Ujama'a a shekarun 1970, noma ne ya ja baya.

A gefen dajin Rugu kuwa maganar ta fi nauyi. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, kuma ƙauyuka da yawa sun watse tun daga lokacin. Saurayin wannan yanki hanyoyinsa kaɗan ne: ya shiga daji, ya shiga 'yan sa-kai, ko ya tafi cirani ya bar tsofaffi da gona. Wanda ya tashi cikin wannan hali amma har yanzu yana ganin mutane na iya zama da amana, su raba abin da suka noma, ya riƙe abin da yawancinmu muka saki. Idan yana da zafin kai, ƙuruciya ce, kuma hira da manya ce ke sanyaya ta. In aka yi masa shiru a mota, a kasuwa ma aka kauce masa, zai koma gida da tabbacin cewa mu ɗin da ya ce mun lalace ba ma jin magana. Gara dattijon da ke kusa da shi ya juyo ya ce, "Samari, a garin naku in mutum ya saɓa wa malam, me ake yi masa?" sannan ya tsaya ya ji amsa har ƙarshe.