Ruwan Agusta da Wahalar Makiyayi

Mutane da yawa suna zaton idan damina ta kankama makiyayi ya huta, tunda ga ciyawa ga ruwa. Ni ɗan makiyayi ne daga ƙasar Shagari, kuma a ganina babu watan da ya kai Agusta wahala a ruga.

Idan aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, garke yakan zama caɓi. Aikin fari da asuba shi ne a mai da shanu da dangwalin maruƙa kan tudu, domin saniyar da ta daɗe tsaye cikin laka takan kamu da ciwon kofato. Sa'an nan a wanke hantsar kowace saniya kafin a yi tatsa. Itace ya jiƙe, hayaƙin korar sauro da ƙudaje ya ƙi tashi. Kaska ta yawaita, kirci ya biyo bayanta. Iyayenmu mata kuwa, in rafi ya kawo, ba su iya kai nono kasuwar Bodinga, sai ya yi tsami a gida, a rasa kuɗin gero.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi tsanani shi ne rashin wurin kiwo. Fadama ta cika da ruwa, tudu kuma duk gero da dawa ne. Burtalin da kakanninmu suke bi da shanu, a wurare da yawa an nome shi. To, ina yaro zai bi da shanu hamsin? Da saniya ɗaya ta ratse cikin gona, sai rigima, sai biyan ɓarna, wani lokaci har da jini.

Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe hurumin kiwo, don ta hango wannan fitina. Shawarata ita ce, kafin ruwan shuka hakimai da arɗo-arɗo da manoman Bodinga da Shagari su fita tare, su shata burtali, su kuma bar wani tudu don shanu. Malaman dabbobi su zo da magani tun watan Yuni, gama rigakafi ya fi magani.

Ya ku iyayenmu manoma, ku tuna da takin shanu gonar gero take kyau, furarku kuma ba ta daɗi sai da nono. Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.