Martani: Hoton Waya Ba Waya Ba Ce

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce sayen tsohuwar wayar hannu a Facebook ba shi da haɗari muddin mai sayarwa ya turo bidiyonta da lambar IMEI. Wannan shawara ba za ta fitar da mutumin Jibiya ba.

Lambar da aka turo maka ta WhatsApp, wa ya tabbatar maka ta wayar da za a aiko ce? Kowa na iya ɗaukar hoton kwalin wata wayar. Sai ka riƙe wayar, ka danna *#06#, lambobi 15 ɗin su yi daidai da na kwali da rasit, sannan magana ta fara.

Abin da ya fi damuna shi ne ka manta inda muke. Jibiya bakin iyaka ce, kaya na shigowa ta Magama daga Maraɗi, ga kuma wayoyin da 'yan bindiga ke ƙwacewa a hanya da ƙauyuka. Ina kake tsammanin suke ƙarewa? Ranar da jami'an tsaro suka bi sawun wayar, wanda ke riƙe da ita za a fara kamawa, mai sayarwa kuwa ya goge shafinsa tuni. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code.

'Yan'uwa, kada ku tura ko sisi. Ku haɗu da mai sayarwa a shagon da aka sani, da shaida, ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanku, ku sa layinku ku yi kira, sannan ku biya.