Dokar wiwi a Amurka: kowace jiha da nata baki

A 2018 majalisar Amurka ta halatta noman wiwin da sinadarinsa mai sa maye, THC, bai wuce kashi 0,3 cikin ɗari ba. Manoma suka ci bashi suka shuka, ƴan kasuwa suka cika kantuna da man CBD. Sai jihohi suka shiga sauya baki. A 2024 Kaliforniya ta hana kayan ci da sha na wannan wiwi masu ɗauke da THC ko ƙanƙani. A 2025 majalisar Teksas ta hana, gwamna Abbott ya hau kujerar na ƙi. Kaya guda, halas nan, haram can! Manomi na lissafin hasara, mai saye bai san abin da ke kwalba ba. Mahukunta, ku auna kaya, ku tsai da doka guda.